Asibi da Ranar Zaɓen Gwamna

Asibi Yamusa manomiyar doya ce a Paikon Kore. A nan aka binne cibiyarta, tun ƙasar tana ƙarƙashin jiha, kafin a yanke ta a ce ta zama birnin tarayya. Ba ta yi boko ba, amma ba ta taɓa fashin zaɓe ba. Uwarta ta sha gaya mata cewa ta haifi 'ya'ya huɗu kafin a yarda matan Arewa su jefa ƙuri'a.

Wata Asabar ta je Suleja gidan ƙanwarta Clara, ta tarar da ita da tawada a yatsa.

"Zaɓen me kuma? Ba mun gama ba?"

"Na gwamna, Yaya. Ku ai ba ku da shi."

Asibi ta daɗe da sanin haka, amma ranar ce abin ya fara yi mata ciwo. Da ta koma gida ta nemi Thaddeus, lauya ɗan maƙwabcinta. Ya ce tsarin mulki ya ce a ɗauki Abuja kamar jiha, sai dai minista ake naɗa mata.

"Kamar?" in ji ta. "Ka taɓa cin kamar tuwo ka ƙoshi?"

Da zaɓen gwamna ya sake zagayowa, ta ɗauki katinta da kujera, ta zauna a harabar firamare inda suke zaɓe. Ba akwati, ba jami'i. Mutane suka yi ta dariya, ɗanta Silas ya roƙe ta ta tashi don kunya. Sai da rana ta faɗi ta tashi. Bayan shekara huɗu, mata goma sha ɗaya ne suka zauna tare da ita.

Thaddeus ya shigar da ƙara, Asibi ce ta fara dangwala yatsa a takardar. Shekara uku ana ɗagewa. Daga ƙarshe alƙali ya ce gyaran tsarin mulki ba aikin kotu ba ne.

Ta bi maganar har zauren jin ra'ayin jama'a kan gyaran tsarin mulki. Wani ɗan majalisa mai babbar riga ya ce, "Mama, ki yi Turanci, ko lauyanki ya yi magana."

"Oga, da kuka zo neman ƙuri'ata da Hausa kuka roƙa. Hausar ma aro na yi saboda ku. Mun ba da gona, mun ba da kaburburan iyayenmu, aka gina gari. Ni ba baƙuwa ba ce. Ku ba ni wanda zan zaɓa, in ya yi ba daidai ba in cire shi."

Aka kashe mata lasifika. Ta ƙarasa da muryarta, har na baya suka ji.

Ba a gyara komai ba. A mota Thaddeus ya yi ta ba ta haƙuri. Ta ce ya ajiye haƙurinsa, ya bincika mata ranar zama na gaba, don in ya faɗo lokacin haƙar doya sai ta nemi mai tsaya mata a gona.