Kwana Bakwai a Maƙerar Kawu Kyauta

Da an idar da sallar asuba, Kawu Kyauta zai ɗauki tsintsiya ya share ƙofar maƙerarsa a hankali, kamar mai neman allura. Ba don tsafta kaɗai ba, tururuwa yake kawarwa daga bakin murhu kafin ya hura wuta. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan ana yi masa tsiya a kan wannan a ƙauyensu da ke arewa da Sule Tankarkar, shi kuwa sai dai ya yi murmushi ya ja zuga-zugi.

In ka tambaye shi inda ya samo wannan hali, zai ce maka wurin wani Ba'indiye. Yana saurayi ya yi aikin ƙarfe da masu haƙa rijiyoyin burtsatse wajen Maigatari, injiniyansu kuwa, wato Ba'indiyen, ko tsire ba ya taɓawa, a garin da shanu suka cika. Shi ya gaya masa cewa a wurinsu akwai abin da ake kira ahimsa, wato kada ka cuci mai rai, da hannu ko da baki ko a zuci. Ya ce kuma mai wannan hali ba gudu yake yi ba, tsayawa yake gaban mai fushi ba komai a hannunsa. Kyauta ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma maganar ta hana shi sakat, sai ya kai ta wurin malaminsa.

Malam ya ce, "Nama dai ci abinka, halal ne. Amma barin cuta, ai mu ma an hore mu da shi. Mu ne muka yi sakaci."

Daga nan ya kafa wa kansa doka. Maharba da masu gadin gona sukan kawo masa gyaran bindigar toka, to amma duk wanda ya kawo tasa yana huci, sai ta kwana bakwai a rataye kafin a taɓa ta. Kuma sai mai bindigar ya faɗi sunan wanda ya ɓata masa rai, da sunan uwar da ta haife shi. A nan ake yin ta! Ƙato zai zo da kumfar baki, da an ce "Ɗan wace ce?" sai ka ga murya ta yi ƙasa, don sau da yawa uwar nan ya taɓa shan furarta. Cikin kwanakin nan bakwai Kawu zai ɗauki ƙafa ya je wurin ɗaya ɓangaren, ko sanda ba ya riƙewa, ya saurara, ya haɗa su gaban mai gari. Da yawa ba su koma karɓar bindigoginsu ba, kunya ta hana. Har guda goma sha tara suka taru a bangon maƙerar.

Kai ne aka kira matsoraci, Kawu, aka ce ka zama Ba'indiyen ƙauye.

Ranar da aka san ko waye shi, da kaka ce, shekara shida da suka wuce. Shanu suka shiga gonarsa, babban ɗansa Aminullahi ya je kora, gardama ta kaure, wani makiyayi mai suna Bappa ya tsorata ya sakar masa bindiga a cinya. Aka ɗauki Aminullahi a mota zuwa asibiti a Gumel, ba wanda ya san ko zai kai. Kafin hantsi ya dubi ludayi maza sun cika ƙofar maƙera, Badaru ƙanin Kawu a gaba.

"Yaya, buɗe mana. Bindigogin nan sa'a guda ta ishe ka ka tashe su. Yau rugar nan ba za ta kwana ba."

Waɗanda suke wurin sun ce rigar Kawu sharkaf take da jinin ɗansa. Shi da bakinsa ya ce a ranar zuciyarsa ta riga kowa isa rugar. Amma sai ya zauna daɓas a bakin ƙofa.

"Kwana bakwai, Badaru."

"Ɗanka ne fa, Yaya!"

"Na sani, ni na ɗauko shi daga gona. Wa ya harbe shi?"

"Bappa mana!"

"Ɗan wace ce?"

Kowa ya san Bappa ɗan Kande ne, tsohuwar da ta yi shekara da shekaru tana kawo musu nono, wadda ta shayar da Badaru kansa wata biyu lokacin da mahaifiyarsu take kwance. Badaru ya buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Sai hawaye.

Da azahar Kawu ya tafi rugar shi kaɗai. Ya zauna da Kande, suka yi kuka tare, sannan ya fito da Bappa, yana gaba Bappa yana baya, ta tsakiyar gari, har ya damƙa shi hannun hukuma. Shari'a ta yi aikinta, ba a ƙone bukka ko ɗaya ba. Aminullahi ya rayu, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Bayan haka, da yardar masu su, Kawu ya sauke bindigogin nan ya miƙa wa hukuma.

Bana ido ya yi rauni, ya ajiye masaba. Ba a yi masa biki ba, ba a ba shi lambar yabo ba, shi ya sa muka ga ya kamata a faɗa tun yana ji. Kawu Kyauta, mai ƙarfe mai sanyin hali, mun gode. Kai ne ka sa yara a gari da ruga suke da iyaye yau, ba su ma san an taɓa yi musu wani abu ba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa ka gama lafiya. Mu kuma, duk wanda aka kawo wa fushi, mai walda ne ko mai unguwa ko uwa a tsakar gida, ya koyi jinkirta shi, ya kuma tambayi sunan uwa.

Makon jiya wani ya kawo bindiga maƙerar yana huci. Kawu yana zaune kan tabarma a gefe. Aminullahi ne ya taso yana jan ƙafa, ya karɓa ya rataye, ya ce, "Kwana bakwai. Wane ne, kuma ɗan wace ce?"