Kurmin da Alhaji Ya Saya

Ina cikin shekarata ta shida a wani kamfani a Kaduna lokacin da wannan abu ya faru. Aikinmu kula da dukiyar masu hannu da shuni. Mutum zai kawo kuɗinsa, mu duba inda za a sa su su haihu, ko hannun jari, ko takardun bashin gwamnati, ko gidaje. Cikin waɗanda nake riƙe wa jari akwai wani Alhaji mutumin Birnin Gwari, babban ɗan kasuwar masara da dawa, wanda bai taɓa yi mini musu ba. In na gama bayani sai ya ce, "Kai ka karanci abin, Manaja."

Wata rana cikin bazara ya shigo ofis ba tare da ya yi waya ba. Bayan mun gaisa ya ce in fitar masa da kashi ɗaya cikin huɗu na jarinsa.

"Alhaji, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Kurmi zan saya."

Na tambaye shi ko katako zai yanka, ya ce a'a. Gona zai share? Ya ce a'a. Na ce to ta ina riba za ta fito, tunda aikina ne in tambaya. Ya yi murmushi ya ce in shirya ranar Asabar in je in gani da idona.

Muka kama hanya da sassafe. Daga Birnin Gwari muka bi hanyar ƙasa ta wajen Kuyello, har inda mota ta gaza, muka hau babura. A bakin wata gona wani tsoho yana jiranmu, siriri, da gatari a kafaɗa. Alhaji ya ce shi ne mai ɗibar zuma a kurmin tun kafin a haife ni. Na rusuna na gaishe shi, na kira shi Baba. Ya dubi takalmana na ofis, ya shige gaba.

Rana ta take, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, rigata ta jiƙe sharkaf. Muna ta ratsa karan dawa da busasshiyar ciyawa sai hanya ta gangara, muka shiga ƙarƙashin itatuwa. Taku goma ban yi ba na ji sanyi ya sauko mini kamar an buɗe randa. Haske ya ragu. Na ɗaga kai ina neman sama, ban gan ta ba sai ɗan tsilli-tsilli tsakanin ganye. A ƙauye na tashi, na san maɗaci, amma ban taɓa sanin yana kai wannan girma ba. Akwai wanda muka kewaye mu uku da hannuwa a miƙe, ko rabinsa ba mu ci ba. Baba ya ce kakansa ma haka ya same shi.

A gindin wani dutse ruwa yana ɓulɓulowa, garau, yana bin saiwoyi yana gangarawa. Wannan kuwa a watan da rijiyoyin gari suka koma laka. Na durƙusa na sha, haƙorana suka amsa.

Sai na fara jin wani gunji, ba a kunne kaɗai ba, har cikin ƙirji. Baba ya ɗaga hannu.

"Ku zauna, ɗana. Kada wanda ya kaɗa hannu."

Muka zauna. Ƙudan zuma ne suka taso daga wata amya, irin gidan da ake saƙa musu a rataye a reshe. Suka rufe sararin da ke kanmu kamar hayaƙi, suna juyawa, sannan suka fara taruwa a wani reshe da bai fi kamu biyar daga fuskata ba. Ina kallo dunƙulen yana girma har ya kai tulu. Baba ya miƙe a hankali, ya je ya sa hannu a ƙarƙashinsu, suka bi yatsunsa zuwa gwiwar hannu. Ko ɗaya bai harbe shi ba. Yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin jika. Ni dai tasbihi kawai nake yi a zuci. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba.

Da muka koma bakin ruwan, Alhaji ya gaya mini dalili. Masu gadon wurin suna son sayarwa, kuma masu injin yankan katako sun riga sun taya. Akwai wani kurmi irinsa can gaba da aka sare, bayan damina biyu rafinsa ya ƙafe. Wannan ruwan kuwa shi ke shayar da fadamar ƙauyuka, shi Fulani ke kawo shanu su sha da rani.

"Mahaifiyata a nan take ɗibar ruwa," in ji shi. "Ba na son a ce ina da hali aka sare shi."

Ranar Litinin na zauna gaban takardar da muke cikawa, na kai gurbin da ake rubuta ribar da ake sa rai. Na daɗe ina kallonsa. Na je wurin shugabarmu, wata mata mai tsanani a kan ƙa'ida, na ba ta labari duka. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Rubuta gaskiya. Ba riba. Amma kuɗinsa ne, kai dai ka tabbata iyalinsa ba su cutu ba."

Haka na yi. Na bar hannayen jarin da ke kawo masa abin cefane, na sayar da waɗanda za a iya rabuwa da su ba tare da asara ba. Na haɗa shi da lauya, aka yi ciniki a gaban dagaci da shaidu. Daga baya ya mayar da wurin waƙafi, da sharaɗin ba a sara, ba a hana kowa ruwa.

Ban sake komawa ba. Hanyar ta lalace da 'yan bindiga, mutanen ƙauyukan da yawa suka tashi, Baba ma ya dawo cikin gari wurin 'yarsa. Bara Alhaji ya kira ni kan wata magana ta daban, kafin mu yi sallama na tambaye shi kurmi. Ya ce shi ma ya kwana biyu bai je ba, amma wani makiyayi da ya ratsa ta can da rani ya gaya masa shanunsa sun sha sun ƙoshi.