Kariyar Bakin Gonarmu

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar kakata, Iya Tasalla, kuma har yau bazara ba ta kamawa ban tuna da kariyar da ke bakin gonarmu ta hanyar Dawce ba.

Mutanen birni sun fi sanin kariya a tukunyar ado. Asalinta itaciyar fako ce, mai son tsakuwa da rana. A cikin ƙaton gindinta take adana ruwan damina. Rassanta masu taushi ne, ruwan jikinta kuwa dafi. Da rani ganyenta yakan zube, sannan jan fure ya fito a kan reshe tsirara.

Iya tana yarinya lokacin da Faransawa suka fara zama a ƙasar nan. Wata safiya aka tara mazan garinmu Matameye su ɗauki kayan kumandan zuwa Damagaram, har da mahaifinta. Bai dawo ba, ba a kuma kawo labarin inda ya kwanta ba. Da mahaifiyarta ta fid da rai, sai ta tono ƴar kariya daga cikin duwatsu, ta dasa a daidai inda suka yi sallama, tunda babu kabarin da za a ziyarta.

Har tsufa Iya ba ta fasa zuwa wurin ta yi masa addu'a ba. Na taɓa cewa mu kai wa itaciyar ruwa. Ta harare ni, ta ce, "Angona, kashe ta za ka yi? Ruwa ke ruɓar da ita. Bar ta da ƙishirwarta."

Bana gari ya iso gonar, aka yanka ta filaye. Wanda ya sayi wannan gefen ya ce yana da ƙananan yara, ba zai zauna da dafi a tsakar gida ba. Ban ga laifinsa ba, ban kuma tsammanin da Iya tana raye za ta gani, ko da yake na san ranar ba za ta ci tuwo ba. Mun gwada cire itaciyar ɗungurungum, gindin ya tsage.

Reshe ɗaya na tsira da shi, na dasa cikin yashi, ya kama. Sai dai dattawa sun shaida mini cewa kariyar reshe takan yi fure, amma ba ta yin gindin uwarta. Na yarda. Iya ta san fuskar wanda take yi wa addu'a. Ni sunansa kaɗai na gada. Sunansa Gambo. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan ƴarsa.