Shekarar da Aka Ce Babu Babana

Ranar wata Litinin ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare, Baba ya dawo gida tun kafin azahar, sanye da farar rigarsa ta zuwa masallacin Juma'a. Ina tsugune a gindin rumbu ina zuba wa awaki ciyawar da na yanko a bayan gari, Inna kuma tana tankaɗen garin gero a ƙofar madafi. Ya jingine kekensa, ya zauna a tabarma bai ko cire takalmi ba, ya ajiye hularsa a gwiwa. Da Inna ta tambaye shi yadda aka kwashe da kwamitin tantance ma'aikata, sai ya yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya ce, "Wai babu ni." Ni har na yi dariya, na zaci zolaya ce irin tasa. Inna dai ba ta yi ba, rariyar ma ta ajiye.

Baba leburan gandun daji ne, shi ke kula da lambun rainon itatuwa da ke bakin garinmu, can wajen hanyar da ta taso daga Daura ta nufi Zango. A lambun nan muka tashi. In an tashi makaranta mu je tsintar 'ya'yan darbejiya, mu cika baƙaƙen ledoji da ƙasa da taki, mu jera su layi-layi a ƙarƙashin rumfar kara. Maza su ɗebo ruwa a garwa daga rijiya, in sun gaji su ɓuge da langa, mu kuma mu zauna 'yar carafke da tsakuwa har sai Baba ya daka mana tsawa cewa akuya ta shiga shinge. Ba ya ɗaga murya a kan komai sai a kan dashe. Yakan ce, "Wanda duk ya taka mini ɗan itace, yau babu shi babu gyaɗa." Duk darbejiyar da ke makarantarmu da bakin kasuwa da maƙabarta, ta hannunsa ta bi, kuma kowa a garin ya san da haka.

Takardar da aka ɗauke shi aiki da ita ta daɗe a cikin akwatin Inna, a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Wata shekara aka aiko daga ofishin da ke biyansu albashi cewa kowa ya kawo tasa a sa masa a fayil. Masu wayo suka hau mota zuwa Daura suka yi kwafi, suka miƙa shi, suka riƙe ta asalin. Baba kuwa ya miƙa tasa sukutum, har yana yi wa Inna bayanin cewa ɗakinmu na ƙasa ne, ga yoyo ga gara, ofis kuwa siminti ne da kwano da maigadi. Ya yarda da hukuma fiye da yadda ya yarda da rufin ɗakinsa, kuma iyakar laifinsa ke nan.

Ana nan sai aka kawo wa ofishin sabon shugaba, ya zo da zafin gyara. Aka yi fenti, aka sayo kabad-kabad na ƙarfe masu sheƙi, aka ce manyan baƙi na tafe, don haka a kwashe tarkacen da ke sito kafin su iso. Ba wanda ya zauna ya ware takardun masu rai da na matattu, wa zai ɓata rigarsa da ƙura? Masinjoji suka ɗura su a buhuna suka rabar wa masu sana'a. Duk ranin shekarar, ƙosai da tsire da soyayyar gyaɗa a cikin takarda mai hatimi muke sayensu. Mu yara abin nema ya samu, muka yi bangon littattafai da su, muka yi jirage da fanka muna gudu da su a filin makaranta. Bayan 'yan watanni, ofishin nan dai da ya share sitonsa shi ne ya kafa kwamiti don kama ma'aikatan bogi masu cin albashi ba aiki, ya ce kowa fayil ɗinsa ne shaidarsa.

Baba ya yi ta sintiri a kan keke har tayar baya ta gaji da faci. Yau a ce mai makulli ya fita, gobe a ce shugaba na taro. Ya je da mai unguwa, ya je da liman, suka tsaya suka ba da shaida. Wani akawu da ya taɓa karɓar dashen mangwaro kyauta a hannunsa ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baba ni ma na san ka, amma takarda ake tambaya." Aka tsayar da albashinsa. Waɗansu kuwa da ba a taɓa ganinsu da garwa a hannu ba, fayilolinsu sababbi fil suka wuce ba gardama. Tuwonmu ya koma sau ɗaya a yini, Inna ta sayar da tunkiyarta, amma ba wannan ne ya karya shi ba. Kalmar bogi ce ta karya shi. Har a makaranta sai da wata yarinya ta kira ni 'yar ɗan bogi, na yaga mata hijabi, aka yi mini bulala, kuma har yau ban yi nadama ba.

Daga nan ya tsiri aikena sayen ƙosai wajen Iya Abu, tsohuwar da ke suya a ƙofar makarantarmu, alhali ba cin ƙosan ne ya dame shi ba. Ya juye mana shi a kwano, ya shimfiɗa takardar a gwiwarsa, ya goge man da bakin rigarsa. Yana karanta ajami sarai, boko ne bai iya ba, sai ya miƙo mini ya ce, "Uwata, duba mini, ko tawa ce." Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. In yi ta haɗa baƙaƙe ina karanto sunayen mutanen da ba mu sani ba, wannan na neman hutu, wancan an yi masa ƙarin girma. Na tsani wannan karatu, domin kullum ni ce mai cewa a'a. Da Iya Abu ta ji labari ta aiko mana da ragowar buhun takardun da aka ba ta, tana ta salati, ta ce fiye da rabi da shi ta hura wuta. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, babu tasa. Amma bai yar da ko guda ba, ya ɗaure su da igiya ya sa a akwatin Inna, ya ce na mutane ne, wata rana za su zo nema. Ya ci gaba da ban ruwa ba ko sisi har aka turo wani yaro ya karɓi lambun, sannan ya koma gonarsa, kuma har ya rasu bai sake bi ta ƙofar ofishin nan ba.

Yanzu ni ke kula da ɗakin ajiyar takardu a wata makaranta, abokan aikina na yi mini tsiya wai ko takardar da iska ta kwaso sai na buɗe mata fayil. Su yi ta yi. Yau komai a kwamfuta yake, ana ɗaukar hoton yatsa, ƙosai ma a leda ake zuba shi, amma duk sanda na ji an ce za a yi tantancewa sai in tuna da Baba, don na san akwai wani tsoho da zai sa farar rigarsa ya tafi da yarda. Ƙunshin takardun yana wurina, ba wanda ya taɓa zuwa nema. In na je gida nakan ga 'yan acaɓa da fatake suna hutawa a ƙarƙashin darbejiyoyin bakin kasuwa, sun girma har rassansu sun haɗe. Inuwar Baba ce suke sha, shi da aka ce babu shi.