Goron Bakin Iyaka

A tashar Karaye wani dattijo na zaune a gaban motar Kano, rigarsa da karin guga, hannuwansa kuwa na mai cirar gyaɗa. Maraɗi za shi, sunan jikarsa jibi. Ya rungume ƙullin goro, yana ta gwada gaisuwa ƙasa-ƙasa, kai ka ce gaban hakimi za a kai shi. Tsoronsa kada masu tsaron iyaka su maido shi, a raɗa suna babu shi.

Direba ya ce, "Baba, Nijar fa ba a neman biza, ƙofa a buɗe take. Goron na wa?"

Dattijon ya gyara hula. "Na masu gida, yaro. Don ka tarar da zaure a buɗe, sai ka faɗa ba sallama?"