Yarinyar Kwalin Sabulu

In kun taɓa sayen sabulun nan mai hoton yarinya tana dariya da giɓi, ga kumfa a kan hancinta, to kun san ni. Ni ce. Babanmu ne ya zana ni ina 'yar shekara shida, ya zaunar da ni a kan bokiti a kife yana ta "Ke, daina motsi!" Shi haka aikinsa yake, ba ya zana abu daga ka, sai ya sa shi a gaba yana kallo. In kyanwa ce, sai an kamo kyanwa. Akuyar maƙwabta ma ta taɓa yini a falonmu.

A kamfanin sabulun ya yi aiki tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai, cikin wani ɗaki mai taga ɗaya da warin fenti. Kwalaye, kalanda, allunan talla, duk hannunsa ne, amma ko ɗaya babu sunansa a jiki. Abin yana ci masa rai, ko da yake ba ya faɗa.

Da ya yi ritaya sai ya kama ɗan shago tsakanin mai aski da mai gyaran waya, zai riƙa zana wa mutane hotuna. Hannunsa ya soma rawa, shi ma ya san babban allo ɗaya ya rage masa a duniya, kuma yana so ya ga sunansa a kai. Ya sa tsohon kwali a gaba, ya sake zana yarinyar sabulu, ya kafa a saman ƙofa. Ranar har rawa ya taka, tsofai-tsofai da shi!

Ba a jima ba sai ga lauyan kamfani, wani dogon saurayi cikin kwat, sai gumi yake. Ya gaishe shi da ladabi, sannan ya ce, "Baba, a yi haƙuri, sai dai a sauke allon nan. Duk abin da ka zana kana ma'aikaci, haƙƙin mallakarsa na kamfani ne."

Ni kuwa ina shagon ranar, sai na taso masa. "Na kamfani? Kamfanin ne ya haife ni? Giɓin ma nasu ne?"

"Anti, zanen ne nasu, ba ke ba," in ji shi, yana ja da baya.

Baba ya ƙare mini kallo. Can ya ce wa lauyan, "Wato ita dai tawa ce?"

"Taka ce, Baba."

"To madalla. Ke, ɗauko kujera."

Jama'a! Mace da 'ya'ya huɗu, ga tabarau ga ƙiba, aka dasa ni a bakin titi kamar kayan sayarwa. Baba ya sauke allon, ya shafe shi da farin fenti, ya fara sabo. Mai aski yana leƙowa yana cewa wai fenti zai ƙare kafin a gama kumatuna. Na ce, "Baba, don Allah ka ɗan rage mini wuya." Ya ce abin da ya gani shi zai zana. Kwanaki muka yi a haka, yana tallafe hannun dama da na hagu, kuma ya hana ni ko leƙe.

Ranar da ya juyo da allon, na buɗe baki zan yi ƙorafi, sai idona ya sauka a kan hoton. Ni ce, babu shakka, amma kuma Innarmu ce, Allah ya jiƙanta, da irin kallon da take yi wa mutum in dariya ta kusa ƙwace mata. Wallahi ban san na zama ita ba sai ranar. Na fashe da kuka ina dariya, tabarau duk ya jiƙe.

Lauyan ya dawo ya duba, ya ce kamfani ba shi da ta cewa. Baba ya tsoma buroshi ya rangaɗa sunansa a ƙasa, manyan baƙaƙe, har mai aski ya ce sunan zai fi hoton girma.

"Bar shi ya fi," in ji Baba. "Wannan kam, duk mai son ta sai ya zo ya tambaye ni."