Ranar da Aka Yi wa Mutumin Littafi Sadaka

Na daɗe ina koyar da manya karatu, kuma yawancin ranakun sun shige ban riƙe komai daga cikinsu ba. Amma ranar da wata dattijuwa ta shigo mana aji da ƙwaryar fura ta ce a yi wa mamaci addu'a, wannan kam ba ta da ranar fita daga raina.

A lokacin ina zaune a Kankia. Asabar da Lahadi nake shiga mota in tafi Kusada, inda aka ba mu aron aji a wata firamare, ina koya wa matan aure da zawarawa da tsofaffi karatun boko. Ni kuwa Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf. Tun ina ƙarama ake ce mini uwar tambaya, kuma girma bai raba ni da halin ba. Shi ya sa da na ga matan sun fara haɗa baƙi suna fitar da kalma, na roƙi wata 'yar'uwata da ke Katsina ta tattaro mini ƙananan littattafan labari, na raba musu su tafi da su gida. Koyarwa ce, e, amma gaskiyar magana so nake in ji abin da mutum zai ce idan ya karanta littafinsa na farko yana da furfura.

Na kuwa ji. Wata ta dawo da nata tana huci, wai matar da ke cikin labarin ta cika son jiki, an yi shafi da shafi ana surutu ko tukunya ba ta ɗora ba. Wata ta ce maigidanta ya ɗauke nata ya karance, yanzu kullum sai ya yi mata barazanar zai faɗa mata ƙarshen. Akwai wata 'yar gidan malamai da ba ta yarda littafinta ya taɓa ƙasa, a ɗankwali take naɗe shi, sauran ma suka kwaikwaye ta. Na ce mata ai wannan ba littafin addini ba ne, ta ce, "Rubutu dai rubutu ne, Malama." Na yi dariya na wuce. Ban kawo a raina ba cewa yawancinsu ba su taɓa sanin wani littafi ba sai wanda ake buɗewa gaban malam, wanda duk abin da ke cikinsa gaskiya ne.

Babbar ajin wata Bafulatana ce daga wajen Kaikai, mai tallar fura da nono, kowa Gwaggo yake ce mata. Sai ta sayar da kayanta a cikin gari sannan ta biyo aji, ta jingine ƙorai a bakin ƙofa. Ita ce ta fi kowa nawa a karatu, da yatsa take bin layi, leɓenta na motsi, amma ba ta fashi ko ana ruwa. Littafin da ya faɗo hannunta labarin wani makiyayi ne da ya kora shanu kudu da rani, ciwo ya kama shi a hanya. Duk mako sai na tambaye ta ina ta kai, ta ce, "Muna tahiya, Malama, mun ƙetare gulbi."

Ranar da nake faɗa, Gwaggo ta shigo da ƙwaryarta cike, ba ta sayar da ko ludayi ɗaya ba. Ta sauke a tsakiyar aji, ta buɗe faifai, ta ce kowa ya sha, sadaka ce, a yi wa wanda ya rasu addu'a. Idanunta sun kumbura. Nan take muka ɗaga hannu, 'yar gidan malamai ta ja addu'a muka shafa. Sai da aka fara sha na matsa kusa da ita na ce, "Gwaggo, wa aka rasa? Ba mu ji ba."

Ta ce, "Mutumen nan na littahi. Jiya na kai wurin. Allah ya yi mashi cikawa a garin da ba shi da kowa." Ta share ido da bakin zane ta ƙara da cewa, "Ina so ki binciko mani inda danginshi suke, ko gaisuwa ce in aika."

Wata yarinyar amarya da ke baya ta ƙyalƙyale da dariya har fura ta sarƙe ta. Ta ce, "Gwaggo, ai babu shi. Ƙaga shi aka yi." Gwaggo ba ta ko dube ta ba, ni ta duba. Na dai ce gaskiya amarya ta faɗa, wani ne ya zauna ya tsara labarin daga kansa.

"Shi wanda ya rubuta, bai gan shi ba?"

Na ce bai gan shi ba.

"Kuma aka bar shi ya buga?"

Na ce haka ake yi, kamar tatsuniya ne. Ta girgiza kai ta ce, "A'a. Tatsuniya tun kahin a fara kowa ya san me za a yi, in an gama kuma mai yi shina faɗi da bakinshi ƙarya ce. Wanga ba wanda ya ce mani komi." Ta kwance littafin daga ɗankwali, ta ajiye a gabana, ta fita. Ƙwaryar ma sai wata maƙwabciyarta ce ta kai mata.

Ranar ba a yi karatu ba, gardama aka yi. Wasu suka ce Gwaggo ta yi gaskiya, bai kamata a sa ƙarya a takarda ba, tunda takarda ba ta da bakin da za ta ce wasa take. Wasu suka ce to ai labarin da ake ji a rediyo ma shiryawa ake yi. 'Yar gidan malamai ta ce ita dai abin da ta sani sadaka ba ta ɓata, Allah ya san inda zai kai ladan. Ni ina zaune ina saurare, kunnena na jin daɗin gardamar, amma zuciyata na wajen Gwaggo.

Mako ya zagayo ba ta zo ba, na gaba ma haka. Na aika a gaishe ta, aka ce tana amsawa, amma ta ce ta gama da boko. Abin ya dame ni ƙwarai. Matar da ta sha wahalar haɗa baƙi da tsufanta, sai da ƙofa ta buɗe mata sannan za ta juya. Ga kuma tambaya tana cina. Kunyar dariyar da aka yi mata na gane, amma kunya kaɗai ba ta kumbura wa mutum ido tun kafin a yi dariyar.

Wata Lahadi bayan an tashi na sa littafin a jaka, na hau acaɓa zuwa Kaikai. Gero ya yi kai, hanya duk taɓo, sai da na sauka na ƙarasa da ƙafa. Na same ta a gindin bishiya tana kaɗa nono. Ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi mutanen Kankia ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su. Da na ga ba za ta ɗauko maganar ba, halina ya motsa, na ce, "Gwaggo, me ya sa mutuwar mutumin nan ta taɓa ki haka?"

Ta daɗe tana kaɗawa kafin ta ce tana da ƙane, shi ke bi mata. Tun tana da goyon fari ya kora shanu kudu, shanun suka dawo a hannun abokan tafiya, shi bai dawo ba. An ce ciwo ya kwantar da shi suka bar shi a wani gari, da suka komo ta nan aka ce ya rasu. Ba wanda ya ga kabarinsa. Mahaifiyarsu ta hana a zauna makoki, ta ce ɗanta na nan tafe, har ta koma ga Allah ba a yi masa sadaka ba.

Ta ce, "A littahin nan, da ya faɗi, wata mata ta ba shi ruwa. Mutanen garin suka yi mashi sutura, suka sallace shi, ba su san ko sunanshi ba. Wurin nan na karanta na sake karantawa. Na ce ashe haka ake yi ma baƙo. Sai kuka ce ƙarya ce." Ta tsayar da hannunta ta dube ni. "To in ƙarya ce, nawa wa ya ba shi ruwa?"

Abin da ya zo bakina tambaya ce, don ita na fi iyawa. Na ce, "Gwaggo, a nan Kaikai baƙo bai taɓa rasuwa ba?"

Can ta ce an taɓa yi, wani falke ne, zazzaɓi ya kayar da shi a bakin rijiya. Mazan ruga suka ɗauko shi, ya kwana biyu a bukkar baƙi, ita da kanta ta dama masa kunu. Da ya cika aka yi masa sutura da farin ƙyallen da surukinta ya ajiye wa kansa. Har yau ba su san daga ina ya fito ba.

Ta ci gaba da kaɗa nononta a hankali har man ya taso. Da na miƙe zan tafi ta ce, "Kin taho da shi?" Na ciro littafin na ba ta. Ta ce ai ba ta gama ba, a wurin mutuwar ta tsaya, tana so ta ga ko labari ya kai ga mutanensa. Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

"Kar ki gaya mani, Malama. Da idona zan gani."

Ranar Asabar ita ta riga kowa zuwa aji. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini, duk littafin da zan ba ta in faɗa mata tun farko ko an yi ko ba a yi ba, kuma har na bar Kusada ban saɓa ba.

Abin da na koya shi ne, babba ba ya zuwa wa littafi da zuciya fayau kamar ɗan firamare. Da rayuwarsa duka yake buɗe shi, da waɗanda ya rasa da tambayoyin da ba a amsa masa ba. Tun daga ranar, idan ɗalibata ta yi kuka ko ta yi fushi a kan labari, ba na gaggawar ce mata ai ba a yi ba. Sai in matsa kusa in tambaye ta wa ta gani a ciki.